Inci 2 Muka Ɗaga Ta

Kurna, Kano

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafin Jidda? Nan kowa lafiya lau. Hunturu ya fara leƙowa, da asuba sai da rigar sanyi, yara duk ƙafafunsu sun fara kaushi. Ranar Juma'a na je gaida Hajiya, ƙafar ta yi sauƙi sosai, har ta koma zuwa islamiyya da kanta. 

Na san za ka ce yau kuma wasiƙa? Ai kai ka ja. Saƙon murya uku na tura maka, na farko kaɗai ka buɗe, shi ma ba ka kai ƙarshensa ba, don amsar da ka bayar ko hanya ba su haɗa da abin da na faɗa ba. Tun muna aji ɗaya haka kake, ana magana kana kallon taga. To yau zauna ka karanta, tunda kuɗinka na ciki.

An gama aikin ɗaga motarmu, Land Cruiser 79. Ban ɗaga ta inci 4 da ka ce ba, inci 2 muka yi, wato milimita 50. Kada ka yi fushi tukuna, ji yadda aka yi.

Ka tuna abin da ya tayar da maganar. Cikin watan Agusta na ɗauki taki buhu 20 zuwa gona, mai kilo 50, ka ga tan ɗaya ke nan cif. Tun daga Kwanar Dangora nake jin bayan motar yana dukan roba duk inda muka faɗa rami, don sufurin, wato ganyayen ƙarfen nan da ke riƙe nauyin motar, ya gaji, ganyayen sun miƙe sun kwanta sambal. Bayan Tudun Wada muka sauka daga kwalta, muka iso kwarin nan da ruwa ya zaizaye. Gaba ya shiga ya fita lafiya, bayan ne ya zauna a kan gaɓa, tayoyi suna ta juyawa a banza. Ga hadari ya haɗo. Mutanen ƙauyen, Allah Ya saka musu da alheri, su suka sauke buhunan nan a ka, ɗaya bayan ɗaya, muka lulluɓe da tamfol, ka kuwa san yuriya da ruwa ba sa ga maciji. Sai bayan isha'i muka fitar da ita. Daren nan a kan tabarmar masallacinsu na kwana ina lissafin asara.

Da na ba ka labari sai ka shiga turo mini bidiyon motocin da Larabawa ke kira Shas suna hawan tudun yashi. Gaskiya irin tamu ce, Land Cruiser 79, kuma ni ma sun ba ni sha'awa. Amma ka duba bayansu da kyau, ba komai sai darduma da butar shayi. Tamu kuwa jakin gida ce, ranar da ba ta ɗauki taki ba ta ɗauki masara.

Oga, makanikinmu, shi ne ya warware mini abin, kuma ba da dogon bayani ba. Shimfiɗa kwali ya yi ya ce in kwanta ƙarƙashin motar. Ya miƙo mini tef ya ce in auna daga ƙasa zuwa tulun aksul, ƙullutun nan na tsakiya inda farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, ke shiga. Na auna. Ya sa yaro ya kafa jak a shasi ya ɗaga bodin sama, tayoyi na ƙasa, ya ce in sake aunawa. Ko ɗigo bai ƙaru ba. Ya ce, "To ka gani, Alhaji. Ko inci 10 ka ɗaga ta, bodi da shasi ne za su tashi. Aksul taya ce ke ɗauke da shi." Taya kuma rabin abin da ka ƙara mata kake samu. Tamu 7.50R16 ce, tsayinta wajen inci 32. Ko mun sa mai inci 35, inci ɗaya da rabi kawai tulun zai tashi, sannan injinmu 1HZ ne, dizal mai lita 4.2 da ba shi da turbo, ya ja manyan tayoyi ya ja tan ɗaya a hawan Doguwa, ai an zalunce shi. Ga shan mai, ga shi in ta fashe a ƙauye ba mai irinta. Tamu kuwa duk mai facin da ke bakin hanya ya san ta. Muka bar taya yadda take.

A nan na gane ashe ba tsawo ne ciwonmu ba. Motar tana rasa tsayin da Allah Ya ba ta ne da zarar an ɗora mata kaya. Abin nema shi ne sufurin da zai riƙe nauyi ba tare da ya durƙusa ba, ƙarin inci 2 kuma ya zama riba.

Af, kafin in manta. Mai shayinmu ya tashi daga bakin transfoma ya koma kusa da masallaci, majalisa ta bi shi gaba ɗaya. Mutumin naka mai jar hula ya ƙara aure wancan watan, kuma har a wajen ɗaurin aure sai da aka tayar da maganar agwagwa, aka yi ta dariya har liman ya juyo. Kowa ya ce da kana nan da abin ya fi haka. Sun ce in gaya maka bencinka na nan, amma bashin ƙwai biyu ma na nan a littafi.

To, zaɓen kaya. Wannan ya ci mini kusan wata guda. Na zaga Ƙofar Ruwa, na zaga Sabon Gari. Akwai sufurin Beljiyam da yawa, sai dai ƙarfen da ya riga ya yi shekaru yana aiki a wata ƙasa, ba ka san saura kwana nawa ya rage masa ba. Wani ya ce a ƙara tsawon maratayin sufurin kawai, a yanka ƙarfe a huda, motar za ta tashi. Za ta tashi ɗin, amma gajiyayyen sufurin yana nan yadda yake. Wani ya ce a gasa ganyayen a wuta a lanƙwasa su. Oga ya ce in na yarda da wannan kada in sake kawo masa motar, don wuta tana kashe taurin ƙarfen, wata biyu ya koma ya kwanta ko ya karye. A wani shago kuma, ba zan faɗi inda yake ba, aka fito mini da shokozoba cikin kwali mai kyau, fenti na ƙyalli. Na danna shi da hannu ya shige kamar famfon keke, na shafa wuyansa na ji danshin mai. Na ajiye masa abinsa na yi sallama.

Daga ƙarshe ta hannun mai kawo kaya daga Dubai muka yi oda. Masu yin waɗannan kaya da suka yi suna, Old Man Emu da Dobinsons da Ironman, duk 'yan Ostareliya ne, don can manoma da masu haƙar ma'adinai irin motar nan suke wahalarwa kamar mu. Abin da ya burge ni, ba sa tambayarka inci nawa kake so kafin su tambaye ka kilo nawa motar ke ɗauke da shi kullum. Akwai sufurin motar da ke yawo ba kaya, akwai na kilo 400, akwai wanda ya haura haka. Sai na kai ta sikelin wani kamfanin shinkafa aka auna ta da kejin ƙarfen da muka yi mata, da safaya biyu, da jarkoki da akwatin sufana. Zuciyata ta so mafi tauri, in huta. Amma rabin tafiyarmu ba kaya muke yi ba, in mun kai taki wayam muke dawowa, kuma sufurin da ya fi ƙarfin nauyin da ke kansa ba ya lanƙwasa, sai bayan motar ya riƙa tsalle, tayoyi suna barin ƙasa a hanyar burji. Na ɗauki matsakaici a baya. A gaba kuma, inda sufurin mai murɗi yake, na ɗauki marar tauri sosai tunda ba mu da ƙaton bamba ko injin ja. Shokozoba huɗu masu tsawon da ya dace da ɗagawar suka zo tare. Kuɗin kam ya ciji aljihu, ka san yadda dala ta koma tun 2023. Rasit na nan na adana maka.

Inci 4 ɗin da kake so, da sai mun canza tiyon birki, mun canza sandunan da ke riƙe aksul na gaba, mun duba kwanar farfela, kowanne da kuɗinsa. Inci 2 kusan komai na asali yana zama a wurinsa.

Kwana biyu aka yi ana ɗaurawa, ban bar garejin ba sai sallah. Wani sabon yaron Oga ya ce me zai hana a sa bulo na ƙarfe tsakanin aksul da sufurin a ƙara tsayi, kamar yadda ya ga ana yi wa wasu motocin. Oga ya kama hannunsa ya kai shi ya nuna masa: a wannan motar aksul ne ke zaune a kan sufurin, in ka sa bulo ƙasa za ta yi. Yaron ya daɗe a tsugune yana kallo. Na ji daɗin yadda bai yi masa tsawa ba. Yu-bolti, kusoshin da ke ɗaure sufurin da aksul, sababbi muka sa, ba a mayar da tsoho. Kusoshin bushin kuma, wato robobin da ke mahaɗar sufurin, bai ɗaure su tamau ba sai da aka sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, ya ce in ka ɗaure tana rataye, bushin a murɗe zai zauna, ya yage da wuri. A gaba aka sa bushin gyaran kwana, don ɗagawa tana ɗan juya aksul, sitiyari ya riƙa yawo, in ka sha kwana ba ya dawowa da kansa. Aka yi alaimen, aka sauke fitilu don kada mu riƙa kashe wa mutane ido.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa a gida ba. Ranar gwaji muka ɗora buhunan yashi muka hau titin Katsina wajen Dawanau. Wani mai adaidaita sahu ya yanko gabana, mata cike a ciki, har da mai goyo. Na taka birki. Tayoyin gaba suka yi ƙara, amma na ji bayan motar yana turo ni kamar ba birki a can. Tsakanina da shi bai kai kamu ɗaya ba muka tsaya. Wallahi da na sauko ƙafata rawa take. Muka koma gareji a hankali. Oga ya shiga ƙarƙashi, bai yi minti biyu ba na ji yana salati. Akwai wani bawul a jikin shasi ta baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksul. Aikinsa ya gane nauyin kaya: in motar ta zauna ya ƙara wa tayoyin baya birki, in ta tashi ya rage don kada su ƙulle. Da muka ɗaga ta, sai yake ɗaukar ba komai a bayanta alhali tana ɗauke da kaya. Mantawa aka yi da shi. Ɗan ƙarfe mai tsawon milimita 50 aka sa aka ɗaga mahaɗin, aka saita, birki ya dawo daram. Oga ya ba ni haƙuri har sau uku, kuɗin aikin ranar ma ƙin karɓa ya yi. Har yau in na tuna fuskar matar nan mai goyo sai gabana ya faɗi.

Makon jiya na je kwaso masara. Buhu 10 muka ɗora, na tsaya daga nesa na dube ta, a miƙe take, bayan bai zauna ba. Muka iso kwarin nan. Dattijon da ya ba ni tabarma ran nan yana gindin ɗorawa, ya taso ya tsaya kallo. Na sa giyar ƙarfi, ta sauka, ta hau, ko ƙasa ba ta shafa ba. Ya ɗaga mini hannu biyu yana dariya. Na tsaya na sauke masa rabin buhu, ya yi ta sa albarka har da kai da bai taɓa gani ba. Da muka cika kilomita 500 na mayar da ita aka sake ɗaure yu-bolti, kowane noti kuwa sai da ya ƙara shiga.

Sai dai ga damuwata, kuma a nan nake neman taimakonka. Ƙaninka, tunda ya ga motar ba ta durƙusawa, ya fara cewa buhu 15 ma za ta ɗauka, a rage zirga-zirga a rage kuɗin dizal. Shekaranjiya na same shi ya ɗora 14, na sa aka sauke 4, ransa ya ɓaci. Na yi masa bayani cewa sufurin kaɗai muka canza. Aksul, boris, birki, shasi da tayoyi duk na da ne, abin da aka ƙera su su ɗauka bai ƙaru da kilo ɗaya ba. Da can in kaya sun yi yawa motar da kanta take nunawa, yanzu ta daina, sai dai mutum ya ƙirga. Ga shi ta ƙara tsawo, in aka tula kaya sama aka shiga kwana da gudu, kifewa ba wuya. Yaron kirki ne, ba ya wasa da sallah, ba ya taɓa kuɗin mota, amma ni yana ganina abokin yayansa ne kawai. Kai yake jin tsoro. Don Allah ka kira shi cikin makon nan, kafin mu fara jigilar kaiwa Dawanau, ka ce masa buhu 10, kai ka faɗa. Kada ka ce ni na kai ƙara.

Akwai mai tafiya Umara ƙarshen wata, zan ba shi kilishi da yajin da Maman yara ta daka maka. Ta ce a gaya maka wancan karon ko godiya ba ta ji ba. Ka gaida mutanen ɗakinku, musamman Basakkwacen nan da ke ɗaukar wayarka in kana barci.

Wassalam.

Naka,
abokinka na Kurna