Barka da Sallah daga bakin teku

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan an yi Sallah lafiya. Allah ya karɓi layya, ya maimaita mana. Yanzu ƙarfe tara saura na dare, amma rana ba ta faɗi ba tukuna. Haka take yi mana a nan a wannan lokaci.

Idi a wani zauren haya muka yi, babu tambari babu algaita, sai zuciyata ta tafi Ƙofar Doka, can gida Zariya. Rago kuwa kuɗi na ba mahauci, sai jibi zan karɓo nama a leda, don doka ba ta bari a yanka a gida. Da abokin aikina, wani dattijon Bature, ya kira ya ji muryata a sanyaye, sai ya ce in shirya, ga shi nan da mota.

Wani wuri ya kai ni, Dungeness, can ƙuryar kudu maso gabashin Ingila, Faransa na tsallaken ruwa. Inna, tsakuwa ce zalla iya ganinki, kamar an juye tifa dubu. Duwatsu ne sumul kamar ƙwan zabo, teku ya yi shekaru dubbai yana tara su. Takalmin Sallah na sa, ya ji jiki. Na sunkuya zan ɗauko miki guda, dattijon ya ce a'a, ba a ɗauka. A gefe ga tashar lantarki ta nukiliya da aka haƙura da ita a 2021. Da gani ka ce ko ciyawa ba za ta fito ba, amma tsirrai sama da iri 600 ne a wurin.

Tafkunan cikinsa, Baba, labarinsu ɗaya da kududdufan cikin birni. Tsakuwar gini aka haƙa, ruwa ya cika ramukan, tsuntsaye suka tare. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke kula da su. Har matsattsaku doka na karewa, na san Baba zai yi dariya.

Muka shiga wata bukkar katako mai siririyar taga, kowa ya yi tsit kamar ana huɗuba. Can sai na ga Turawa suna zungurar juna, kyamarori sun juya gefe guda. Na karɓi madubin hangen nesa na leƙa. Balbela ce! Guda uku, suna bin sawun shanu suna tsintar fara, sak na garken Fulani a hanyar Shika. Wai sai a 2008 ta fara yin sheƙa a ƙasar nan, shi ya sa ake yi mata kallon baƙuwa. Na ce a garinmu ko yaro ba ya ɗaga kai saboda ita. Amma ni ma na kasa sauke madubin.

Sai dattijon ya nuna mani wani ɗan tsuntsu mai ciki ruwan ɗorawa, yana kaɗa wutsiya. Nauyinsa bai kai giram 20 ba. Ya ce da sanyi ya matso zai tsallake teku da Sahara ya sauka yankinmu, ya yi rani tare da shanu, sannan ya dawo. Ba fasfo, ba biza, ba kuɗin jirgi. Ni ga shi Sallar layya ta uku ke nan ban ci a gida ba. A gaya wa Auta, in ya gan shi a fadamar Kubanni ya ajiye danƙon nan, daga wajen yayansa yake.

Na tura goron Sallah ta hannun Yaya Babba, a ba su Gwaggo nasu. A ɗauko mani bidiyon Hawan Daushe, kuma Inna a ɓoye mani dambun nama, akwai mai zuwa ƙarshen wata.

Ɗanku mai neman albarka.