Ga Mai Tambayar Inda Ciyaman Yake Ɓuya

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

A shirin rediyo na makon jiya ka bugo waya ka tambaye ni, tunda na yi shekaru a ofishin ma'aji na ƙaramar hukuma: me ya sa mutumin da kuka sani da kirki, kuna sahu ɗaya a masallaci, da zarar ya zama ciyaman sai ya yi ɓatan dabo, ba a ganinsa a sakatariya sai ƙarshen wata? Lokaci ya ƙure kafin in amsa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka fara bin sawun kuɗin. Ƙananan hukumomi 774 na Najeriya suna da kashi 20.60 cikin ɗari na rabon asusun tarayya. Amma sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma can kuɗin suke fara sauka. A zamaninmu, duk wata sai a zauna a babban birnin jiha, a cire albashin malaman firamare, a cire fansho, a cire kason masarauta, sannan a zo kan abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda sau da yawa ba mu san wa ya zaɓe su ba. Ragowar da muke komawa gida da ita, da ƙyar take rufe albashi. Na sha ganin ciyaman ya sa hannu a takarda bai karanta ba, don ya san tambaya ita ce hanyar sauka daga kujera.

To ga shi ya dawo, ga jama'a cike da ƙofar ofis: mai takardar asibiti, mai kuɗin makaranta, mai suna gobe, matasan da suka yi masa kamfe. Kowa ya ji a rediyo an turo miliyoyi. Ya ce babu, a ce ya cinye. Ya faɗi inda suka maƙale, ubangida ya ji. Sai ya zaɓi kashe waya.

Kada ka ɗauka wanke su nake yi. Akwai waɗanda ɗan ragowar ma sai sun lashe.

Sannan ka tambayi kanka wa ya ɗora shi. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen, gwamna ne ke naɗa mambobinta, kuma kusan ko'ina jam'iyya mai mulki ke kwashe kujerun. A da, wani lokaci ma ba zaɓe, kantoma kawai ake naɗawa. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ka san sauran.

Ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya kai gwamnoni 36, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta kantomomi. Na yi murna, amma hukumar zaɓen tana nan a hannun gwamna, kuma ba a yi wata huɗu ba jihar Anambra ta yi dokar da ta sa su mayar da wani kaso cikin asusun da jiha ke kula da shi.

In ka sake haɗuwa da ciyaman ɗinku a masallaci, kafin ka miƙa masa takarda, tambaye shi nawa aka turo a watan jiya, nawa kuma ya iso hannunsa.

Wassalam,
Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma