Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Kasuwancinsa

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyalinka, wani labari ne ya zo kunnena ya hana ni sukuni. An ce ka fara tsawata wa ma'aikatanka idan sun kawo maka gyara, kuma da aka gaya maka ƙorafin masu sayen kayanka, wai cewa ka yi mai so ya saya, wanda ba ya so ya ƙara gaba. Ina roƙon Allah ya sa ƙarya ake yi maka.

Ba asara nake jiye maka ba, domin ɗan kasuwa yakan faɗi ya tashi. Ribar da kake samu yanzu ita ce take tsorata ni, saboda ita take toshe kunnen mutum har ya ɗauka abin da ya karɓe shi bara zai ci gaba da karɓarsa har abada. Kamfanin Kodak na Amurka ya daɗe yana riƙe da kasuwar fim ɗin ɗaukar hoto, kuma injiniyansa ne ya ƙera kyamarar dijital, wadda ba ta buƙatar fim, a 1975, amma shugabanninsa suka yi ta jan ƙafa don kada ta kashe musu cinikin fim. Wasu suka rungume ta suka wuce, a 2012 sai ga Kodak a kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi. A masana'antun Toyota kuwa, ƙaramin ma'aikaci yana da ikon jan igiyar ankarar da shugabanni idan ya ga matsala, har a tsayar da aikin in ta kama, domin wanda hannunsa ke kan aiki shi yake fara ganin ɓaraka.

Kai wane ne da za ka fi ƙarfin gyara? Ka ga abin da ya sami kawunka da idonka, kuma ka san abin da ya sa ban taɓa sassauta maka ba tun kana ƙarami, ko da mahaifiyarka tana ganin na cika tsanani.

Ban raina ƙoƙarinka ba, Allah ya sani ina alfahari da kai. Ka zauna da ma'aikatanka ka saurare su ba tare da ka katse su ba, ka binciki dalilin kowane kayan da aka dawo maka da shi, sannan ka nemi waɗanda suka daina saye a wurinka ka tambaye su abin da ya kore su. Ina jiran amsarka, kuma gaskiyar magana nake so, ba lallashi ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka