Wasiƙa daga Daura

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu ma nan lafiya lau, Alhamdulillahi. Saƙonka ya iso tun makon jiya, na ƙi amsawa a gurguje ne domin tambayar da ka yi ba ta wasa ba ce. Ka ce kana son ka tattaro ka baro Malesiya ka dawo Daura, ka ci gaba da aikinka na kwamfuta daga gida, kana so in gaya maka gaskiya ko zai yiwu. Zai yiwu. Ina son ka dawo ƙwarai, amma ba zan ɓoye maka komai ba.

Wuta ita ce abu na farko. Kada ka dogara da ta gwamnati ko kaɗan. Wani lokaci a kawo da daddare a ɗauke kafin asuba, wani lokaci a kwana biyu ba a gan ta ba. Ni da na gaji da sayen mai a janareto, sola na haɗa: faranti huɗu a kan rufi da batir biyu. Tana riƙe mini fanka da firji ƙarami da cajin waya, har maƙwabta suna aiko yara da wayoyinsu da yamma. Abin da ba a gaya wa mutum shi ne ƙura. Idan hunturu ya shigo, in ba ka hau ka goge farantan ba duk bayan kwana biyu, sai ka ga batir bai cika ba har la'asar. Ka sa kuɗin sola cikin lissafinka tun kafin kuɗin jirgi.

Sabis kuma akwai, fiye da yadda ka bari. A cikin gari ana kiran bidiyo ba matsala da safe da kuma bayan sha ɗayan dare. Tsakanin magariba da isha ne yake nauyi, lokacin da kowa ya koma kan wayarsa. Ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, in ɗaya ya ƙi ka juya ɗayan. Sannan gidajenmu na cikin birni masu katangar ƙasa mai kauri suna da sanyi da bazara, amma suna tare sabis. A gidanmu na gado, a ƙuryar ɗaki ba ka samun komai, sai ka fito zaure ka zauna kusa da ƙofa. Idan za ka kama haya, ka shiga kowane ɗaki da wayarka a hannu kafin ka biya.

Batun tafiya, har yanzu mota ce. Kano ta hanyar Kazaure awa biyu ne ko sama da haka, Katsina kuma ba ta kai haka ba, kuma a ɗayan biyun nan za ka hau jirgin sama. Ka je tasha da sassafe, motar farko tana cika da wuri. In ka bari rana ta take, za ka zauna kana sauraron ɗan kamasho yana kiran saura mutum ɗaya har ka gaji. A cikin gari ɗan acaɓa da mai adaidaita sahu za su kai ka ko'ina cikin minti goma. Layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai tashi daga Kano ya biyo ta Kazaure da nan Daura da Katsina da Jibiya ya shiga Maraɗi, muna ganin aikinsa a bayan gari, kuma muna ɗokinsa. Sai dai kada ka gina shirinka a kansa tukuna. Ta wajen Kwangwalam kuwa, tun juyin mulkin Nijar na 2023 harkar iyaka ba ta koma yadda ka sani ba, kuma 'yan kasuwar Mai'aduwa sun ji a jikinsu.

Garin ya buɗe. Akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ɗalibai sun shigo, haya ta tashi, masu POS sun cika bakin titi. Ƙaramar rashin lafiya ana gama ta a nan, babba kuwa sai a ce a wuce Katsina ko Kano. Tun da aka yi jana'izar Baba Buhari a watan Yulin 2025 aka binne shi a gidansa, ayarin manyan motocin da muka saba gani lokacin sallah ya ragu, garin ya koma natsuwarsa.

Ran Juma'ar da ta wuce na kai ƙaramin ɗana rijiyar Kusugu. Ka tuna lokacin da muke zuwa muna leƙawa muna tsorata juna da macijiya? Mai kula da wurin ya zura guga ya jawo ruwa, ya ba yaron a moɗa, yana ba shi labarin yadda Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai ran Juma'a, da yadda ya kashe macijiyar ya auri Daurama. Yaron ya shanye, ya goge baki da hannun riga, ya tambaye ni ko 'ya'yanka sun taɓa sha. Na ce masa a'a. Wannan tambayar ta tsaya mini a rai har muka iso gida, muna tafe muna tsayawa gaisawa da mutane, uku daga cikinsu sun tambaye ni labarinka da sunan da ake kiranka kana yaro.

Shawarata, ka fara zuwa kai kaɗai na wata guda, ka daidaita zuwan da Sallar Gani ka ga hawan Mai Martaba, ka yi aikinka daga zaurena da solata ka gani da idonka. In ya yi maka, sai mu nemi gida tare. Ka turo mini ranar saukarka a Kano, ni zan zo ɗaukarka. Inna tana gaishe ka, ta ce kada ka manta mata da maganin ciwon gwiwar nan da ka aiko bara.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
amininka na Daura