Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan Septrin da maganin zazzaɓin damina

Assalamu alaikum Hajiya,

A filin lafiya na rediyo kin ce ɗanki ya sha Septrin bara, jikinsa ya feso da ƙuraje, leɓɓansa suka saɓe har sai da aka kwantar da shi. Yanzu ga masu rabon maganin zazzaɓin damina suna bi gida gida, kina son ki ji ko ya halatta ya sha. Kada ki ba shi. Ki faɗa musu abin da ya same shi kafin su ɓare kwalin.

Dalili kuwa, Septrin da ƙwayar da ake ba yara ranar farko dangi ɗaya ne, dangin salfa. A cikin Septrin akwai sulfamethoxazole da trimethoprim. A cikin waccan akwai sulfadoxine da pyrimethamine, wato haɗin da muka sani da Fansidar, sannan a ɗora amodiaquine na kwana uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan rabo a 2012 don yaran yankin Sahel 'yan wata 3 zuwa 59, kuma yana rage zazzaɓin cizon sauro ƙwarai. Amma ƙa'idarsa ta cire yaron da salfa ya taɓa yi wa illa, da wanda ke kan Septrin a lokacin.

Yadda salfa ke aiki abin sha'awa ne. Ƙwayar cuta ba ta hayayyafa sai ta ƙera folik asid nata, wato wani nau'in bitamin, daga wani sinadari mai suna PABA. Salfa ya yi kama da PABA sosai, sai ƙwayar cutar ta ɗauke shi bisa kuskure, aikin ya tsaya cak. Mu daga abinci muke samun namu, shi ya sa wannan tarkon bai kama mu. Gerhard Domagk na ƙasar Jamus ne ya gano maganin salfa na farko, Prontosil, a 1932, tun kafin fenisilin ya shiga asibiti.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da cutar da likitoci ke kira Stevens-Johnson. Ba kasafai take faruwa ba, amma tana kisa, kuma karo na biyu yakan fi muni. Fansidar ya fi ba ni tsoro a nan, domin sulfadoxine yakan yi makonni a jiki. Idan illar ta taso ba a iya janye shi. Ki sa a rubuta a katin asibitinsa cewa ba ya shan salfa, a kuma faɗa wa duk mai kemis.

Ba wai ina kushe Septrin ba ne. Masu cutar ƙanjamau suna shan sa kullum don kare huhu, yana kuma maganin wasu cututtukan mafitsara. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake sayen ƙwaya huɗu don mura, alhali mura ba ta jin sa ko kaɗan, ga shi ƙwayoyin cuta da yawa sun riga sun saba da shi. Jariri sabon haihuwa ma ba a ba shi, saboda haɗarin shawara.

Shi kuwa ɗanki, ya kwana cikin gidan sauro kullum. Da zarar jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jini a ranar. Maganin zazzaɓi irin su Coartem babu salfa a ciki.

Allah ya ƙara masa lafiya.

Daga wata mai haɗa magunguna