Kirsimetin farko babu Kaka

Shikago, Amurka
25 ga Disamba

Baba da Inna, da dukan mutanen gida,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kiristi. Barkanmu da Kirsimeti. Ina fata an gama girbi lafiya, dawa ta shiga rumbu, ciwon ƙafar Inna kuma ya yi sauƙi. Ni ma lafiya lau nake, sai dai sanyin garin nan da hunturun gida ko kusa bai kai shi ba. Agogonku yana gaban namu da awa 7, don haka na san yanzu kun taso daga Misa, yara sun fita yawon nuna sababbin kaya.

Tun jiya Kaka ne a raina. Ya haura shekara casa'in a duniya, Allah ya yi masa sutura, bai wulaƙanta ba. Duk da haka zuciyata ta ƙi sabawa, musamman da ban samu zuwa jana'iza ba.

Ina so ƙannena su ji wannan, Baba, don su da tsoho mai sanda kawai suka tashi. Kaka Bamaguje aka haife shi a ƙasar Malumfashi, a gidan da ake yanka wa iskoki kaza. Yana saurayi Fada-fadan Dominikan, wata ƙungiyar limaman Katolika, suka shigo yankin Sakkwato da Katsina a shekarun 1950, kuma daga nan Amurka suka taso, cibiyarsu ma tana garin nan da nake zaune. Cikin 'yan'uwansa wasu suka musulunta, wasu suka tsaya kan gargajiya, shi kuwa ya shiga ajin katikizim har ya karɓi baftisma. A lokacin, da harshen Latin ake Misa, Fada ya juya wa jama'a baya. Yakan ce shekaru ya yi yana amsawa da ka, ba ya jin ko kalma, sai bayan babban taron bishop-bishop na Vatican da aka rufe a 1965 aka fara yi da Hausa. Ranar da ya fara jin addu'ar keɓe gurasa da harshen uwarsa, in ji shi, kuka ya yi a gaban mutane bai ji kunya ba.

Da kuɗin auduga ya sayi kekensa, kuma keken nan ya fi yi wa coci aiki fiye da gona. Ƙauyen da Fada ba ya kaiwa sai wata-wata, Kaka ne ke raka katikis, wato mai koyar da addini, ranar Lahadi, su tara mutane a gindin bishiya. A watan Fabrairun 1982 ya hau bayan babbar mota ta Funtuwa da Zariya har Kaduna, ya kwana a fili don ya ga Fafaroma John Paul na biyu yana naɗa sababbin Fada-fada a Dandalin Murtala. Mun sha wannan labari har mun haddace.

Abin da ya fi sanyaya mini rai shi ne Allah ya ja kwanansa ya ga 2023, da aka ba Katsina dayosis nata, wato yankin coci mai bishop na kansa, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a Katolika. Idonsa ya riga ya yi rauni, amma Yaya ya ce da aka faɗa masa sai ya nemi a miƙo masa rosarinsa. Mutumin da aka sha tambaya wai ta yaya Bahaushe zai zama Kirista, ga shi ya ga amsa tun yana raye.

Yanzu ga roƙona. Kun san ranar Kirsimeti Kaka ba ya kai loma baki sai kwanon shinkafa da nama ya shiga gidan Liman da gidajen 'ya'yan ƙannensa Musulmi. Makwabcinmu Musulmi yake kira ya yanka akuyar, don kowa ya ci hankali kwance, su ma da Sallah kwanonsu na zuwa. Ko shekarun da hankula suka tashi, ana ta ba shi shawara ya dakata, bai fasa ba. Zumunta a ƙafa take, haka yake cewa, ya aza mana kwanuka a ka. A ganina wannan ibada ce daidai da rosarin da yake ja kowace asuba, kuma ita ce na fi tsoron ta bi shi kabari. Idan yau ba a kai ba, don Allah a kai gobe ko ranar sabuwar shekara.

Na turo kuɗi ta hannun Yaya. A sayi akuya, a ba Fada na Misa uku domin hutawar ran Kaka, saura kuma a yi wa Inna magani. Ni ma na sa an ambaci sunansa a Misar daren jiya, kuma Fadan da ya yi ta ɗan Najeriya ne. Rosarin Kaka a bar shi wurin Goggo, ita ta yi jinyarsa, ita ta fi cancanta.

A gaishe mini da Baffa da Kawu da iyalansu, da katikis, da iyayenmu na Zumuntar Mata da suka tsaya a kan hidimar jana'iza. A gaida Liman, a ce ina godiya da zaman makokin da ya yi tare da ku. Ina sa ran zuwa gida da Ista idan hutu ya samu.

Allah ya ba Kaka hutawa ta har abada, ya kai mu sabuwar shekara lafiya.

Ni ne ɗanku.