A Daina Raina Gwaji a Aikin Buɗaɗɗiyar Manhaja

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin masu ba da gudummawa ga buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda kowa ke da damar ganin kod ɗinsu (rubutattun umarnin da aka gina su da shi), ya gyara, ya kuma ƙara nasa. Maganata a kan gwaji ce, wato ɗan kod da ake rubutawa domin ya duba ko manhaja na aiki daidai, aikin da aka fi rainawa alhali shi ne ke riƙe da ingancin manhaja idan ta fara girma.

Sa'ad da mutum biyu ko uku kaɗai ke aiki a kan manhaja, kowannensu ya san lungu da saƙonta, ya san cewa idan aka taɓa nan to can zai motsa. Amma da zarar masu turo gyara sun kai ɗaruruwa, kuma yawancinsu ba su taɓa haɗuwa ba, sanin da ke cikin kan waɗanda suka kafa aikin ba ya isa ga kowa. Baƙo zai zo da kyakkyawar niyya ya gyara sashen da ke lissafin kwanan wata, gyaran ya yi daidai a idonsa da idon wanda ya duba masa, sai ranar 29 ga Fabrairu ta zagayo manhajar ta tsaya cak a hannun dubban mutane. Da wanda ya fara rubuta sashen ya bar ɗan gwaji mai layi biyar, wanda ke miƙa wa manhajar wannan rana yana duba amsarta, da kwamfuta ta ƙi gyaran tun kafin a haɗa shi da sauran aikin.

Shi ya sa nake ganin wajibi ne kowane aiki mai tasowa ya kafa doka cewa duk wanda ya gyara kuskure ya haɗo da gwajin da zai kama shi idan ya dawo, kuma a riƙa gudanar da gwaje-gwajen kai tsaye a kan kowane gyara ta hanyar kayan aiki irin su GitHub Actions ko Jenkins. Dokar ta hau kan kowa, har da wanda ya kafa aikin, domin ranar da aka ɗaga wa babba ƙafa, ranar ce ƙanana za su daina ɗaukarta da muhimmanci.

Akwai masu cewa tunda kod ɗin a buɗe yake, idanu masu yawa za su gano kowace matsala. Abin da ya faru da OpenSSL ya nuna iyakar wannan magana. A watan Afrilun 2014 aka bayyana kuskuren nan da aka sa wa suna Heartbleed, wanda ya shafe kimanin shekara biyu a cikin manhajar da ke kare sirrin ɗimbin shafukan intanet. Manhajar ba ta tabbatar da cewa tsawon saƙon da aka ce an turo ya yi daidai da abin da aka turo ba, don haka mai kai hari zai iya kwaso har kilobayit 64 na bayanan da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta a kowane karo. Mutum ya duba gyaran da ya shigo da kuskuren kafin a karɓe shi, amma abin ya wuce masa. Irin wannan ramin na'ura ta fi ido ganinsa, musamman gwajin da ke jefa wa manhaja gurɓatattun bayanai barkatai don a ga inda za ta karye, wanda a kansa Google ta kafa shirin OSS-Fuzz a 2016. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma masu SQLite, wata manhajar adana bayanai, sun riƙe wannan sosai, domin kod ɗin gwajinsu ya ninka na manhajar kanta sau ɗaruruwa.

Sai dai gwajin ma yana buƙatar kulawa. Gwajin da yau ya wuce gobe ya faɗi ba tare da an canza komai ba, ya fi rashinsa illa, domin yana koya wa mutane su yi biris da jan alamar faɗuwar gwaji su sake dannawa har ta koma kore. Haka kuma, a ce gwaji ya ratsa kashi 90 cikin 100 na kod ba ya nufin an duba ko amsoshin daidai ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na xz, wata manhajar matse fayiloli, a watan Maris na 2024, inda aka ɓoye muguwar ƙofar baya, wato hanyar kutse ta sirri, a cikin fayilolin gwaji, wurin da masu dubawa ba su cika tsayawa ba, har sai da injiniya Andres Freund ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga ta SSH, hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, ya bi sawu.

Ina kira ga masu kula da waɗannan ayyuka da su duba fayilolin gwaji da idon da suke duba sauran kod, su kuma ambaci sunayen marubutan gwaji a sanarwar kowane sabon fitarwa. Kamfanonin da ke cin riba da manhajojin nan kyauta kuwa, ya kamata su ware kuɗin na'urorin da ake gudanar da gwaji a kansu, su kuma biya mutanen da ke gyara shi.

Wassalam,
Wani mai rubuta manhaja